Ɗantsoho, Ka Tafi Ka Bar Mota a Kan Kututture

Daga wurin Allah muka zo, wurinSa kuma aka mayar da Ɗantsoho ɗan Malam Abdelrahman, direban ƙauyenmu na yamma da Gedambaliya. Ya rasu ranar Talata, shida ga watan Safar na shekarar 1419, wadda masu kalanda suka ce ita ce biyu ga Yuni, 1998. Ya yi sallar azahar tare da mu, ya ce ƙirjinsa na yi masa nauyi, zai ɗan kishingiɗa kafin la'asar. Da aka je tashinsa sai aka tarar rai ya yi halinsa.

Ni ne Zakari, tsohon da ke nuna wa masu haƙa inda za su sa diga a maƙabartarmu. Ban iya rubutu ba, na boko ko na allo. 'Yar marigayin, Ummusalama, malamar makaranta, ita ke riƙe da alƙalami, kuma na sa ta yi mini alkawari ba za ta gyara mini magana ba. Ta ce, "Baba, ba a faɗa da mamaci a ta'aziyya." Na ce mata mutumin da na yi shekara da shekaru ina faɗa da shi yana raye, in na fara yi masa daɗin baki yau ba zai gane muryata ba.

To, Ɗantsoho, ga abin da ka yi mana. Ka cire tayoyin gaba biyu na motarka, ka ɗora hancinta a kan kututturen itace, ka baza ƙarafanta a kan buhu, ka ce gobe za ka mayar. Damina na bakin ƙofa, mota ɗaya ce tak a ƙauyen nan, ita ke kai mai naƙuda asibitin Gadarif, ita ke kai gawa maƙabarta. Kai kuma ka je ka kwanta ka mutu. Na san ba kai ka zaɓi ranar ba. Amma da ka ji maganata tun farko, babu abin da zai sa a kwance gaban motar nan ranar Litinin.

Bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba yadda aka yi. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan daga yamma, za su Makka, suka tsaya noman guzuri, noman bai ƙare ba har yau. Inda suka binne matattunsu na farko kusa da gidaje yake. Da aka yanka manyan gonakin tarakta, gonaki suka kewaye wurin, aka ba mu wani fili can bayan rafi, tafiyar da ƙaƙƙarfan mutum ke yi ya ji a jikinsa. Mun daɗe muna ɗaukar gawa a kafaɗa zuwa can, sai Allah Ya hore wa Ɗantsoho wata farar boksi, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa a-kori-kura. Muka ce mun huta.

Ɗantsoho, gawar farko da motar ta ɗauka ta mahaifiyarka ce, Inna Talatu. Aka ɗora ta a kan angarib, gadon igiyar nan da muke ɗaukar mamaci a kai, aka sa kanta gaba wajen ɗakin direba, don mu ba ma kai mutum kabari da ƙafa a gaba. Irin wannan mota kuwa, in babu kaya, bayanta ya fi gabanta tsawo. Inna Talatu ba ta da nauyin da za ta danne ta. Da muka isa muka zagayo baya, sai muka tarar gadon ya zame gaba, ita ma ta zame a kansa, kanta ya tokare da ƙarfe, wuyanta ya lanƙwashe, ƙullin likkafani ya saki. Ni na gyara ƙullin da hannuna. Kai ka tsaya kana kallo, har aka rufe ta muka dawo.

Bayan sadakar bakwai na same ka kwance a ƙarƙashin mota da sufana. A can ƙasa akwai sandunan ƙarfe biyu dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu, su ke ɗauke da nauyin gaba. Kowanne yana da noti a ƙarshensa, in ka ɗaure gaba ya tashi, in ka sassauta ya sauka. Ka ajiye kofin shayi cike a tsakiyar baya, kana ɗaurewa kana fitowa kana leƙa kofin, har shayin ya tsaya daidai da bakinsa ta ko'ina. Ka share hannu ka ce, "Yaya Zakari, daga yau babu wanda zai sake zuwa gaban Ubangijinsa kai a ƙasa ƙafa a sama. Ba a motata ba."

Na ce maka nufinka mai kyau ne, amma abin da bulo biyu za su yi me ya sa za ka wahalar da mota? A sa su ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai, shi ke nan. Ka ce, "Mutum ne ko tukunya da za a girka shi a kan duwatsu? In muka faɗa rami bulon ya goce fa?" Na ce a ɗaure gadon da igiya. Ka ce gadon zai tsaya, wanda ke kai ne zai zame. Na ce a zuba buhunan yashi a baya su danne ta. Ka ce ba za ka haɗa Musulmi da buhu a wuri ɗaya ba. Duk ƙofar da na buɗe sai ka rufe, kana murmushin nan naka mai sa mutum ya ji kamar ya jefe ka da takalmi.

Ba ni kaɗai na gaya maka ba. Usta Ubaidullah, makanikin da ya fi kowa sanin irin motocin nan a Gadarif, ya zagaya ta ya dafe kai ya ce, "Ya Ɗantsoho, waɗanda suka ƙera ta ba mahaukata ba ne. Sun ɗaga bayan ne don in ka lafta mata dawa ta zauna daidai. Yanzu ka daidaita ta babu kaya, in ta ɗauki kaya ina hancinta zai je?" Ka ce masa hancinta ya je inda ya ga dama. Gaskiyar Usta ce kuwa, duk abin da ya lissafa maka ranar sai da ya faru.

Tayoyin gaba suka riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, a shekarun da sabuwar taya sai dai ka ga hotonta. Ƙarafan da ke haɗa taya da jikin mota suka riƙa sakin jiki kowace shekara, kana sauyawa. Gaban ya bushe ya yi tauri, in ta taka tsakuwa sai ka ji a ƙwaƙwalwa. Haƙorina na sama na ƙarshe a hanyar Gadarif ya fita, na nuna maka shi a tafin hannuna, ka ce dama yana girgiɗi, na samu an cire mini kyauta. In kuwa ta ɗauki riɗi daga Basunda, sai bayanta ya zauna, gabanta ya dubi gajimare, sitiyari ya yi sakayau a hannunka kamar faifai. Fitilunta ba sa ganin hanya, tsuntsayen kan bishiya suke haskawa. Sau nawa muka tsaya a kan jakin mutane da ƙyar bayan magariba?

Wata rana a shingen shiga gari wani soja ya tsayar da mu da lodin dawa, ya ja baya ya dube ta ya ce, "Ita wannan me take nema a sama?" Ka leƙo ka ce, "Ranka ya daɗe, ba ku ne kuka ce yanzu kowa ya fuskanci Allah ba? Ita ta riga mu amsawa." A lokacin kuwa ana kwana a ɗaure kan maganar da ba ta kai wannan ba. Allah Ya sa dariya ta ƙwace masa ya ce mu wuce. Tun daga shingen har kasuwa ban kula ka ba.

Ummusalama ta ajiye alƙalami ta ce yanzu in faɗi alheri. Ai zan faɗa, ni na fi ta saninsa.

Ba ka taɓa miƙa hannu don karɓar komai a kan gawa ko mai naƙuda ba. A shekarun da ake kwana biyu a layin mai a dawo da rabin abin da aka je nema, kana da jarka ɗaya cike a ɗakin Zainaba matarka, wadda ba a taɓawa. Riɗinka ya taɓa zubewa a gona don babu man da za ka je kwaso shi, jarkar tana nan ba ka buɗe ba, ka ce ba taka ba ce, ta wanda Allah zai kira ce ko wanda zai aiko. Da wani ɗan Habasha mai yankan dawa ya mutu a gonar da ke gabas da mu, mai gonar ya ce ba ruwansa, abokan aikinsa suka zo suna tsaye ba su san wa za su roƙa ba. Ba addininmu ɗaya da shi ba, ba ka ma san sunansa ba. Ka wanke bayan motar, ka ba da naka angarib, ka kai shi har bakin iyaka ta Basunda inda 'yan'uwansa ke jira. Na bi ka, kuma na lura tafiyar da kake yi da namu ita ka yi da shi, a hankali, kana kauce wa kowane rami.

Ranar da Batulu matata ta rasu ban zauna a gaba kusa da kai ba kamar yadda na saba. A baya na zauna wajen kanta. Tun daga ƙofar gida har bayan rafi ba ta motsa ba ko da faɗin yatsa, tana kwance sambal kamar a ɗakinta. Ranar ban yi maka gardama ba. Bayan an naɗe tabarmin makoki na ci gaba, domin tayoyin ba su fasa cinyewa ba.

To, ƙarafan nan da Usta ya ce za su riƙa saki, su ne suka sake saki a ƙarshen rani. Shi ya sa ka kwance gaban ranar Litinin. Na zo na tsaya a kanka na ce tun da an kwance, a mayar da ita yadda masu ita suka yi ta, kowa ya huta. Ka ce daga ƙarƙashi, "Yaya, kai fa nake yi wa tanadi. Ka girme ni, ni zan kai ka, kuma ba na so ka isa can kana ƙorafi." Maganar ƙarshe ke nan da muka yi ta kirki.

Mutumin da ya kai kowa a mota, shi a kafaɗa muka kai shi. Yayyafin farko ya sauka da asubar ranar, baƙar ƙasar nan tamu ta zama laka mai kama ƙafa ta cire takalmi. Samari babu, wasu suna manyan gonaki wajen sharar shuka, wasu an kwashe su aikin soja an yi kudu da su. Tsofaffi ne da 'yan magidanta. Jamilu mai tuƙa tarakta, dogon nan, ya kama ta wajen ƙafa, Mahmudu tela, wanda bai kai kafaɗar Jamilu ba, ya kama ta wajen kai. Ina biye da sandata sai na ga kanka ya yi ƙasa, ƙafafunka sun yi sama. Ban san lokacin da na daka musu tsawa ba. "Ku tsaya! Haka za ku kai shi? Jamilu koma gaba, Mahmudu nemi tsaranka!" Tun daga nan har kabari ni ke jera su, dogo da dogo, gajere da gajere, ana sauyi ina faɗa. Muryata ta dushe kafin mu haye rafi. Dubi aikin da ka ba ni da tsufana.

Ba a gama makoki ba sai ga wani ɗan kasuwa daga Basunda ya zo gaisuwa, idonsa na kan motar. Yana son ta don jigilar kaya a bakin iyaka, ya ce a yadda take ma zai ɗauka, zai sa a saukar da gaban. Adamu ɗanka ya saurare shi. Ba na zargin Adamu. Aikinsa na awo yana kasuwar hatsi a Gadarif, ba zai bar shi ya dawo ƙauye tuƙi ba, ga uwa ga ƙanne sun dawo wuyansa. Amma ni da na ji an sa ranar da za a zo da babbar mota a ɗauke ta, na je da hantsi, kowa yana gani, na gangara tayoyin nan biyu ɗaya bayan ɗaya zuwa bukkata, na tura su ƙarƙashin gado, na zauna a kai.

Adamu ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba Zakari, wallahi kunya kake ba ni. Baƙo na jira."

Na ce, "Ya jira. Ni ma jira nake."

Ya ce, "Baba, kai ne fa kullum kake cewa motar nan ta lalace."

Na ce, "Ta lalace mana, ubanka ya lalata ta. Amma Atine matar Mahmudu cikinta ya tsufa, watan gobe laka za ta rufe hanya. A bayan wa za a goya ta zuwa Gadarif, naka ko nawa?"

Sai ya ce mu je wurin mahaifiyarsa. Zainaba tana takaba, ta bayan zana ta saurare mu. Na yi dogon bayani, Adamu ya yi nasa, duka biyu da hujja. Da muka gama ta ce, "Adamu, na kwana da warin fetur a ɗakina shekaru, ban taɓa cewa a fitar da jarkar nan ba. Abincinmu Allah zai kawo. Ka ba baƙonka haƙuri." Daga nan ta ce da ni, "Kai kuma Yaya, ka mayar wa mutane tayarsu, ka girma da wannan." Aka tsaya a kan Jamilu zai riƙa tuƙa ta, in ta yi jigilar dawa abin da aka samu a kawo gidanka. Ɗan kasuwa ya sha shayinsa ya tafi.

Jiya Adamu ya zo da Usta Ubaidullah. Ya sa sababbin ƙarafa, ya mayar da tayoyi, aka janye kututture, motar ta tsaya da ƙafafunta. Ya sassauta notin nan biyu har gaban ya sauka yadda aka ƙera ta, ya fito ya ce da ni, "Ya Haj, yau dai ka samu abin da kake so. Allah Ya jiƙansa, amma haka ya kamata ta kasance." Adamu ya dube ni, Jamilu ya dube ni. Duk sun san bakina a kan maganar nan.

Na ce a kawo angarib. Aka kawo, aka ɗora a baya. Na miƙa wa Adamu sandata, na ce su ɗaga ni. Na kwanta a kai, kaina wajen ɗakin direba, na miƙe ƙafa, na haɗa hannuwa. Mata suka leƙo ta kan zana suna salati, wata tana cewa Baba ya sauko kada ya jawo wa kansa. Na ce duk ƙauyen nan babu wanda ya fi ni kusa da hawa gadon nan, ba ni da ikon in gwada abina?

Ɗantsoho, ban daɗe a kwance ba na ji jini ya taru mini a ido, jikina yana neman bin kaina. Na ce Jamilu ya ɗan ja ta zuwa bakin masallaci ya taka birki. Da ya taka, ƙoƙon kaina ya gaisa da ƙarfe, daidai inda na Inna Talatu ya tokare. Na kira Usta na ce ya koma ƙarƙashi ya ɗaure. Ya ce, "Ya Haj, tayoyin fa?" Na ce na san zancen tayoyi tun kafin ya yi furfura, ya ɗaure. Yana ɗaurewa ina kwance ina jin kaina yana tasowa kaɗan-kaɗan, ina cewa ƙara, ƙara ta hagu, har na ji bayana ya kwanta gaba ɗaya a kan igiya, babu inda ke jan wani. Na ce ya tsaya. Ya fito yana karkaɗe riga yana cewa ashe ku biyu ne.

Kada ka ɗauka na yarda da kai. Har gobe ina cewa bulo biyu da igiya mai kyau da sun wadatar tun farko, da haƙorina yana bakina, da kai ma a mota ka tafi. Abin da na ce kawai shi ne, mutanen da suka rage a ƙauyen nan sun ga yadda aka kai iyayensu, ba ni zan sa a kai su ƙasa da haka ba.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗantsoho ya zo. Taurin kansa mun yafe, Kai ma Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Yadda ya tausaya wa waɗanda ba sa iya cewa a gyara musu kwanciya, Ka tausaya masa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka tsayar da harshensa wajen amsa tambaya, Ka haɗa shi da Inna Talatu da Malam Abdelrahman a inuwar rahamarKa.

Zainaba, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da abin da kika bari domin mutane. Adamu, Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zata ba, ka yafe wa tsoho abin da ya yi maka a gaban baƙo. Ummusalama da ƙannenki, Allah Ya rufa muku asiri. Jama'ar ƙauyenmu, da 'yan'uwa na Gadarif da Basunda da suka tako cikin laka, Allah Ya ba kowa lada, Ya sa mu cika da kalmar shahada.

Motar tana ƙofar gidanka, jarka cike a bayan kujera. Na riga na nuna wa Jamilu inda za a haƙa nawa, kusa da kai ta dama. Ka saurare ni, akwai sauran magana.